Taba Ta Sake Riga, Mu Kuwa Muna Awo Da Mudu Biyu

 

Wannan mako na jingine abin da na shirya muku, saboda wani al'amari da ya same ni har cikin zaure, wanda kuma na tabbata ba gida ɗaya ya shafa ba a birnin nan namu na Katsina.

Ran nan bayan sallar La'asar wani dattijo ya yi mini sallama, mutum mai kamala, wanda muka daɗe muna haɗuwa a sahu. Ko gaisuwa ba mu gama ba sai ya sa hannu aljihu, ya fito da wani ɗan abu mai kama da biro, mai launin ruwan hoda, yana ta ƙamshin mangwaro, ya ajiye a kan buzuna. Ya ce uwar ɗakinsa ce ta tsince shi cikin jakar 'yarsu, yarinya 'yar shekara 19 da ke karatu a wata babbar makaranta. Da fari sun ɗauka turare ne, sai da ƙaramin ƙanenta ya gaya musu abin zuƙa ne, irin wanda yara ke ce wa shisha fen, watau sigarin lantarki. Cikin fushi ya rantse da Allah cewa ta gama karatu ke nan, kuma duk wanda ya fara zuwa neman aurenta shi zai ba. Abin da ya kawo shi, yana so ya ji ko akwai mafita ga rantsuwar, don uwar yarinyar kwana uku ke nan ba ta daina kuka ba.

Na ce, "Alhaji, ina ta samo shi?"

Ya ce, "Wurin yayanta, Malam."

Na ce, "Ashe shi ma yana sha? Ka sani?"

Ya ce, "Allah gafarta Malam, na sani mana. Ai shi namiji ne, ƙuruciya ce, zai bari."

Duk wannan magana da muke yi, ga kwalin sigari yana leƙe daga aljihun gaban rigarsa. Da na nuna masa, sai ya yi murmushi ya ce wannan kam tsohon ciwo ne, tun zamanin mulkin Shagari suke tare.

To jama'a, ga gida ɗaya, mutum uku, abu ɗaya suke zuƙa cikin riga daban daban, amma hukunci uku aka yanke. Uba an yi masa uzuri da tsufa, ɗa an yi masa uzuri da ƙuruciya, ita 'yar kuwa an rasa uzurin da za a yi mata. Kada kowa ya yi wa Alhaji dariya, domin abin da ya faɗa shi ne abin da akasarinmu ke faɗa. Ka zauna a kowace majalisa daga Ƙofar Soro har Ƙofar Ƙaura ka tayar da zancen, za ka ji. Idan saurayi ya wuce yana busa wannan farin hayaƙi, iyaka a girgiza kai a ce yaran zamani, abokansa kuwa wayewa suke gani. Idan budurwa aka gani da shi, to kafin magariba an gama da ita a unguwa, an ba ta sunan da ba zan rubuta a wannan fili ba, kuma mai neman aurenta sai ya ji labari ko yana Legas. Tsohuwa mai cusa garin taba da kanwa a leɓe kuwa, ita babu mai ko kallonta, sai dai jikoki su yi mata tsiya. Samarin su ma da nasu awon: suna ƙyamar warin sigarin iyayensu, suna ce masa abin ƙauye, alhali nasu mai ƙamshin alewa ɗan'uwansa ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Allah Maɗaukakin Sarki Ya buɗe Suratul Muɗaffifina da narkon azaba ga masu tauye awo, waɗanda in za su karɓa sai sun cika, in za su bayar sai su rage. Asalin maganar a kan mudu da sikeli ne, amma duk wanda ya taɓa ganin ɗan kasuwa mai tiya biyu, ta saye daban ta sayarwa daban, ya san cewa halin ba a bakin buhun gero kaɗai ya tsaya ba. Da irin wannan tiya muke auna laifin 'ya'yanmu.

Kafin mu shiga hukunci, ya kamata mu tuna cewa taba ba baƙuwa ce a ƙasar nan ba. Kakanninmu sun noma ta a fadamu, sun sha a lofe, sun shaƙa, sun tauna. Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shigo Katsina a 1851, ya sake dawowa a 1853 kan hanyarsa ta zuwa Tambutu, kuma cikin kayan da ya saya a nan har da tabar Katsina, don ta yi suna har can. Matan da kuwa da furen taba suke goge haƙora bayan sun ci goro, kuma ado ne abin yabo a wancan lokaci. Daga baya sigarin kamfani ta zo, aka buɗe masana'antarta a Zariya a 1959, ta zama abin maza 'yan boko da direbobi da sojoji. Tun daga nan hayaƙi ya zama na maza a idonmu, mace mai busa shi ta zama abin nuni. Al'ada ce ta raba wannan, kuma ni ban san aya ko hadisin da ya raba haka ba.

Malamanmu na Malikiyya sun yi saɓani a kan taba tun farkon bayyanarta, a ƙarnin da Ɗan Marina da Ɗan Masani ke karantarwa a garin nan. Shehu Ahmad Baba na Tambutu, wanda ya rasu a 1627, ya yi rubutu yana ganin halaccinta muddin ba ta gusar da hankali. Shehu Aliyu al-Ajhuri na Masar, wanda ya rasu a 1656, shi ma haka ya tafi. Shehu Ibrahim al-Laƙƙani kuwa, wanda ya rasu a 1631, ya haramta, kuma mabiya ɗariƙar Tijjaniyya sun daɗe da sanin cewa an hane su ita. Masu shan sigari suna son kawo sunan Ahmad Baba, amma suna mantawa da abu guda. Waɗancan bayin Allah sun yi ijtihadi ne da sanin zamaninsu, kuma har masu halattawar sun sa sharaɗin kada ta cutar da mai shanta. Sai a 1950 likitoci a Ingila da Amurka suka fito da binciken da ya haɗa sigari da sankarar huhu, yanzu kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa taba na kashe fiye da mutum miliyan 7 a kowace shekara. Da wannan lissafi ya isa Tambutu a wancan ƙarni, sharaɗin da suka gindaya da kansa zai amsa tambayar.

To, ita wannan sabuwa mece ce? Wani mai haɗa magunguna ne ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, ya ƙera irin wadda ta yaɗu yanzu, a 2003. Shi kansa mashayi ne, mahaifinsa ma sankarar huhu ce ta yi ajalinsa, kuma nufinsa a samu hanyar barin sigari. A cikinta akwai ɗan batir, da wata 'yar waya mai ɗaukar zafi, da wani ruwa. In an zuƙa sai wayar ta yi zafi, ruwan ya tashi ya zama abin nan mai kama da hazo. Yaranmu na cewa ai tururin ruwa ne kawai, ba a ƙona kome ba. Rabin maganar gaskiya ne, lalle ba a ƙona ganye. Amma ruwan ba na randa ba ne. Akasarinsa yana ɗauke da nikotin, watau ainihin sinadarin da ke ɗaure mashayin taba ya kasa bari, sa'an nan da giliserin da wasu sinadarai, da kayan ƙamshi na mangwaro da kankana da na'a-na'a. Likitoci sun ce ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma nikotin na yi wa wannan gini lahani. Sai mai hankali ya tambayi kansa, dattijon da ya shekara arba'in yana shan sigari ne aka yi wa ɗanɗanon alewa da launin ruwan hoda, ko kuwa jikarsa? A watan Oktoba na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu zuƙar wannan abu sun haura miliyan 100, cikinsu akwai aƙalla yara miliyan 15 'yan shekara 13 zuwa 15.

Amana ta sa in faɗi ɗaya ɓangaren. Hukumar lafiya ta Ingila ta bayyana tun 2015 cewa cutarwarta ba ta kai ta sigari ba, har likitocinsu na amfani da ita wajen yaye manya daga taba. Haka nan ciwon huhun da ya ɓarke a Amurka a 2019, wanda ya kwantar da mutum 2,807 ya kashe 68, bincike ya nuna yawancinsa daga ruwan da aka gauraya da man wiwi ne da wani sinadari na algus. Ban ɓoye wannan ba, don bai halatta malami ya tsoratar da jama'a da ƙarya ba. Amma ita Ingilar ce kuma ta hana sayar da irin wadda ake sha a yar, daga 1 ga Yuni 2025, saboda yadda ta kama yara, Indiya kuwa ta haramta ta gaba ɗaya tun 2019. Mu kuma a nan, wanda ya saya a shago ko ta waya, wa ya gaya masa abin da aka zuba a ciki? Babban mutum da sigari ta riga ta ɗaure, in likita ya ɗora shi a kan wannan don ya sauko a hankali har ya bari, to wannan babin ɗaukar mafi sauƙin cuta biyu ne, kuma malamai sun san shi. Yaron da bai taɓa shan kome ba, shi wace cuta yake gudu?

Abin da na fi natsuwa da shi, shi ne haramci, ko da yake na san akwai malaman da suka tsaya a kan karhanci, kuma ba na zagin kowa a kan haka. Allah Ya hane mu jefa kawunanmu cikin halaka a Suratul Baƙara aya ta 195, Ya siffanta Manzonsa a Suratul A'araf aya ta 157 da cewa yana halatta abubuwa masu tsarki yana haramta miyagu, Ya kuma danganta masu almubazzaranci da shaiɗanu a Suratul Isra'i. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa hadisin da ya hana cuta da cutarwa, wanda malaman fiƙihu suka gina babbar ƙa'ida a kansa. A kan irin waɗannan dalilai majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya ta haramta sigarin lantarki a watan Disamba na 2015, ƙungiyar Muhammadiyya ta Indunusiya ta bi sahu a farkon 2020. Shishar tukunya ma ba ta tsira ba, don tun 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa a zama ɗaya mai shanta na iya zuƙar hayaƙin da ya kai na karan sigari 100. Masu tambaya game da azumi kuwa, zuƙarta da gangan da rana yana karya shi kamar yadda sigari ke karyawa.

Yanzu ku duba duk dalilan nan da na jera, ku nuna mini guda ɗaya da ya ambaci mace ya bar namiji, ko ya kama yaro ya saki tsoho. Huhu huhu ne, dukiya dukiya ce. In haram ce, to haram ce a hannun Alhaji da ɗansa da 'yarsa. In kuwa makaruhi ce, to da wane dalili za a rushe rayuwar yarinya a kan makaruhi? Hatta a manyan laifuffuka masu haddi, Alƙur'ani ya ambaci ɓarawo da ɓarauniya tare a Suratul Ma'ida, ya ambaci mazinaciya da mazinaci tare a Suratun Nur, hukunci ɗaya. Bukhari da Muslim sun kawo labarin matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata, Ƙuraishawa suka tura Usama ɗan Zaidu, Allah Ya yarda da su, ya nema mata ceto saboda darajar gidansu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi fushi, ya bayyana cewa abin da ya halaka al'ummomin da suka gabata shi ne kyale mai ƙarfi in ya yi laifi da tsayar da hukunci a kan mai rauni. A gidajenmu wane ne mai ƙarfi, wace ce mai rauni? Kowa ya sani.

Wani zai ce, Malam, ai mace ita ce uwa, kunya kuma adonta ce. Na yarda, har ma in ƙara masa da cewa nikotin na cutar da ɗan tayi, don haka mai ciki tana da ƙarin dalilin nisanta. Sai dai hayaƙin da miji ke busawa a ɗaki ɗaya da mai cikin da jaririnta, shi ma ai yana isa inda yake isa. Kunya kuwa, da Manzon Allah ya ce reshe ce ta imani, bai keɓe jinsi ba, hasali ma wani namiji ya tarar yana yi wa ɗan'uwansa faɗa a kan yawan kunya, ya ce ya kyale shi.

Wannan awo namu mai mudu biyu ɓarna biyu yake yi, kuma ta farkon ta fi ba ni tsoro. Da zarar an ga abin nan a hannun yarinya, harsuna ba sa tsayawa a kan abin da ido ya gani, sai su zarce zuwa mutuncinta. Wannan kuwa shi ne ƙazafi, wanda Allah Ya sa wa bulala tamanin a Suratun Nur, Manzonsa kuma ya lissafa shi cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa. Ka ga mutum ya tashi hana abin da malamai suka yi saɓani a kansa, ya faɗa cikin abin da babu saɓani ko kaɗan a kan girmansa. Akwai wani sahabi da aka sha kawowa ana yi masa bulala saboda giya, wata rana wani ya la'ance shi, Manzon Allah ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Giya fa ke nan, uwar laifuffuka. Sakamakon wannan tsangwama shi ne ɓoyo. Binciken da aka yi a Nijeriya a 2012 ya nuna kashi 7.3 cikin ɗari na maza manya ke shan taba mai hayaƙi, mata kuwa kashi 0.4. Alhamdu lillahi da ƙarancin, amma sigari wari ke tona ta, wannan sabuwar kuwa ƙamshin turare gare ta, tana shiga jaka ta zauna kusa da jan baki. Yarinyar da ta san in an gane ta kashinta ya bushe, ba za ta gaya wa uwarta ba, ba za ta je wurin likita ba, sai abin ya yi nisa.

Ɓarna ta biyu a kan samarin take. Da muka ce namiji ne zai bari, mun sallama shi ke nan, muka kira sakacinmu haƙuri. Nikotin ba ya sakin mutum don ya yi gemu, shaida kuwa ga ta nan a aljihun Alhaji, shekara arba'in da ɗoriya. Suratut Tahrim ta umurce mu da tsare kawunanmu da iyalanmu daga wuta, kuma da kawunan ta fara. Uban da ke aiken ɗansa sayo masa kara biyu wurin mai tebur, alhali dokar hana yaɗuwar taba ta 2015 ta hana a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da ita kara kara, da wane baki zai yi faɗa gobe? Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Ba ina cewa mai laifi ya yi shiru ya bar 'ya'yansa ba, a'a, ya yi horo, amma ya haɗa da kansa a cikin waɗanda yake horo, kada ya shiga cikin waɗanda Suratus Saffi ta zarga da faɗin abin da ba sa aikatawa. Masu shaguna da ke jera wannan kaya kusa da turare da cajar waya, su kuma su tambayi kansu ko za su so a miƙa wa 'ya'yansu, tun kafin a tambaye su inda babu ciniki.

Mu koma ga Alhaji da rantsuwarsa. Na gaya masa cewa Muslim ya ruwaito umurnin Manzon Allah ga wanda ya rantse a kan abu sa'an nan ya ga waninsa ya fi alheri, cewa ya aikata mafi alherin ya yi kaffara. Kaffarar kuwa tana cikin Suratul Ma'ida aya ta 89: ciyar da miskinai goma, ko tufatar da su, ko 'yanta wuya, wanda bai samu ba ya yi azumin kwana uku. A mazhabarmu kowane miskini mudun Annabi ɗaya ne na abincin da garin ya fi ci, in ya ƙara ya kyauta. Na ce masa cire yarinya daga karatu da aurar da ita ga wanda ba a bincika ba, don huce haushi, cuta ce da ta fi wadda yake gudu, kuma aure ba gidan horo ba ne. Na roƙe shi ya tara su biyun, ita da yayanta, a zama ɗaya, ya yi musu magana ɗaya, ya kuma fara da ajiye nasa kwalin a gabansu.

Ya daɗe bai ce kome ba. Can ya ce, "Malam, wannan na ƙarshen shi ne mai wuyar."

Ranar Juma'ar da ta wuce mun haɗu a ƙofar masallaci. Ya ce ya fitar da kaffara, yarinya ta koma makaranta, kuma ita ce ta fara ba da haƙuri, ta ce wata huɗu ke nan tana son bari tana jin tsoron faɗa. Yayan nata har yanzu yana gardama, yana cewa tururi ne. Shi kuwa Alhaji ya ce kwana tara ya yi bai sha ba, ran na goma ya sha kara ɗaya a ɓoye bayan gida, sai ga 'yar tasa ta fito zubar da ruwa, suka haɗa ido. Ya ce in sa shi a addu'a, ni kuma na ce ya je ya ga likita, na kuma yi masa alkawarin zan roƙa masa masu karatu su taya mu.